Dutsen Kamaru, Rumsiki ko Alantika: wanne za ka hau in ba ka son cunkoso?

Da zarar ruwa ya ɗauke aka fara yankan dawa, sai maganar hawan dutse ta taso a majalisun matasa daga Marwa har Ngaundare. Wasu 'yan makaranta ne da suka tara kuɗi tun farkon zango, wasu 'yan kasuwa ne da ke son su huta da ƙurar shago, wasu kuma hotunan abokai suka gani a Facebook ransu ya biya. Tambaya biyu ke yawo a bakinsu: wane dutse, kuma yaushe za a je ba a tarar da turmutsutsu ba. Sunaye uku suka fi fitowa. Akwai Dutsen Kamaru can kudu a kan garin Buya, akwai duwatsun Rumsiki na ƙasar Kapsiki, sai Alantika ta bayan Poli. Masu dogon buri kan ƙara da Emi Kusi na Chadi.

Bari in faɗi ra'ayina tun da wuri. Cunkoso ya danganta ne da ranar da ka je da hanyar da ka bi. Dutsen Kamaru, wanda ya fi kowanne suna a ƙasar nan, a 'yan kwanaki ƙalilan yake cika cikin shekara, kuma a kan hanya guda. Wanda ya kauce wa kwanakin nan zai iya kwana a kansa bai ga kowa ba sai waɗanda ya zo da su. Shi kuwa dutsen da ake yabo wai babu kowa a kansa, akwai dalilin da ya sa babu kowa, kuma wajibi ne ka san dalilin kafin ka ɗaura takalmi. Wani nisa ne, wani rashin ruwa, wani kuwa rashin tsaro.

Ka fara da tambayar kanka abin da kake so. In burinka ka tsaya a ƙololuwa, gajimare ya koma ƙarƙashin ƙafarka, to Rumsiki ba za ta ba ka wannan ba. Tsaunin da ake ɗauka hoto a can, mai tsayin mita 1,224 daga matakin teku, sandararren dutse ne a tsaye cak, ragowar maƙogwaron wani dutse mai aman wuta da ruwa da iska suka cinye jikinsa suka bar tsakiyar. Ƙwararru masu igiya da ƙugiya ke hawansa. Ni da kai kewaya shi za mu yi. Dutsen Kamaru kuwa, duk da ya haura mita 4,000, ba ya buƙatar igiya ko kaɗan, ƙafa ce kawai da numfashi da haƙuri. Da yawa ba sa gane wannan bambancin sai sun isa.

Dutsen Kamaru

Tsayinsa mita 4,040 ne a ma'aunin da aka fi amfani da shi, ƙololuwar ana ce mata Fako, kuma babu dutsen da ya kai shi a duk Afirka ta Yamma. Daga bakin teku ya tashi, shi ya sa hawansa ke da tsawo: Buya ba ta wuce mita 1,000 ba, sauran 3,000 da ƙafarka za ka biya su. Da ransa yake, ya yi aman wuta a 1982 da 1999 da 2000, kuma narkakken dutsen 1999 sai da ya gangara ya datse titin Limbe zuwa Idenau kusa da Bakingili. Tun 2009 gandun daji ne na gwamnati mai faɗin fiye da hekta 58,000, saboda haka ba a shigarsa kara zube. Ana biyan kuɗin shiga, ana ɗaukar ɗan jagora mai rajista, da 'yan dako gwargwadon kaya.

Wahalar farko gare mu 'yan arewa ita ce isa gindinsa. Daga Marwa zuwa Garwa kilomita 200 da ɗoriya, daga Garwa zuwa Ngaundare wajen 280 har da hawan falez, wato doguwar hayin nan ta kafin Ngaundare, sannan jirgin ƙasa na dare ya ɗauke ka kilomita 622 zuwa Yawunde. Daga nan mota zuwa Duwala, daga Duwala wajen kilomita 70 ta Tiko da Mutengene ka sauka a tashar Mil 17. Mutumin Marwa ya ware mako guda da ɗan ƙari, zuwa da hawa da dawowa. Mai son ya gama komai a ƙarshen mako sai dai ya hau jirgin sama daga Garwa ko Salak, filin jirgin Marwa, kuma irin wannan gaggawar ce ke kayar da mutane a sama.

Lokaci na farko da dutsen ke cika shi ne makon tsere. A 1973 aka fara tseren hawan dutsen nan. Kamfanin Guinness ne ya fara ɗaukar nauyinsa, shi ya sa har gobe ake kiran miƙaƙƙiyar hanyar da ta tashi daga Upper Farms, a saman garin Buya, zuwa ƙololuwa hanyar Guinness. A watan Fabrairu ake yinsa, yawanci ranar Asabar. 'Yan tsere ɗaruruwa ke tashi daga filin wasa na Molyko su hau su sauko, kilomita 38, na gaba-gaba cikin awa 4 da rabi ko kusa da haka. A nan Sarah Etonge ta ci tseren mata sau 7 har ake mata kirari da sarauniyar dutse. Abin kallo ne, ba na hana kowa zuwa. Amma in hawa ka zo yi, makon nan ba naka ba ne. Masauki ya cika, kuɗin ɗaki ya tashi, nagartattun 'yan jagora da 'yan dako duk an riga an kama su, kuma tun makonni kafin ranar 'yan tsere ke atisaye a kan hanyar, kana jan ƙafa suna wuce ka a guje sama da ƙasa. A tseren 2023 ma wasu abubuwa sun fashe a cikin gari a kan hanyar 'yan tsere, mutane suka jikkata.

Lokaci na biyu da ake cika shi ne hutun ƙarshen shekara, daga wajen 20 ga Disamba zuwa makon farko na Janairu, lokacin da makarantu ke rufe, ma'aikatan Duwala da Yawunde suka sami sarari, 'yan ƙasa mazauna Turai suka zo gida. Sai hutun ranar matasa na 11 ga Fabrairu, sai kuma kowace Asabar ta rani, domin Buya garin jami'a ne, ɗalibai kan hau zuwa bukkar hutu ta farko da ke kan hanyar su sauko a yini guda.

In ka cire waɗannan, me ya rage? Damina ba ta cikin lissafi. Gefen dutsen na yamma, wajen Debunsha, yana cikin wuraren da suka fi ko'ina samun ruwa a duniya, kusan mita 10 a shekara, kuma daga Yuni zuwa Oktoba hanya santsi ce da hazo. Gurbi biyu suka rage: daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, da kuma daga mako na biyu na Janairu zuwa ƙarshensa. Na fi son na farko. Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, iska a wanke take, ƙurar hunturu ba ta gama saukowa kudu ba, in ka yi sa'a da safe kana iya hango teku har da tsibirin Biyoko. Akwai kuma abin da masu shirya wa Turawa tafiya ba za su faɗa maka ba. A 'yan shekarun nan azumi a Fabrairu da Maris yake faɗowa, kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11, nan da 'yan shekaru zai shiga Janairu. Hawan nan ba na mai azumi ba ne, don haka ka duba watan Musulunci kafin ka duba na Bature.

Game da ranar mako, kada ka sa tafiyar mota a kan Litinin. Tun 2017, da rikicin yankin masu Turancin Ingilishi, wanda Buya ke ciki, ya yi tsami, Litinin ta zama ranar zaman gida a garuruwa da yawa na yankin, motoci kan yi ƙaranci, shaguna kan kasance a rufe. Ka iso Lahadi, ka huta Litinin a masauki, ka fara hawa Talata, ka sauko Alhamis, ka yi Juma'a da jama'armu na Buya. Lokacin da 'yan Asabar ke ɗaura takalmi kai kana hanyar gida.

Sai maganar hanya. Ta Guinness ita ce gajeruwa, ita ce kuma kowa ke bi. Bukkoki uku ne a kanta: ta farko wajen mita 1,850 a cikin kurmi, ta biyu wajen 2,850, ta uku wajen 3,740 dab da ƙololuwa. Masu sauri kan kwana a ta biyu, su tashi da asuba su kai sama, su juyo ta inda suka zo, kwana ɗaya yini biyu. Wannan tsarin ne ke tara kowa wuri guda, kuma saukowar tana cin gwiwa, domin gangaren mita 3,000 ne a yini ɗaya. Tsarin da nake ba da shawara na yini uku ne. Ka hau ta Guinness, ka sauka ta ɗaya gefen zuwa Maɓuɓɓugar Mann, ka kwana a can wajen mita 2,400, kashegari ka gangaro ta cikin kurmi zuwa ƙauyen Bokwango. A wannan gefen ne za ka ratsa bakin ramukan da suka yi aman 1999, baƙar tsakuwa da ƙonannen dutse iya ganinka, ciyawa ta fara leƙowa daga tsagoginsa. Yawancin masu hawa ba sa biyowa nan saboda ƙarin kwana da ƙarin kuɗin jagora. Ka biya kuɗin nan. A gefen nan ne za ka sami shirun da ka baro gida dominsa.

Daren bukka ta biyu shi ne inda 'yan arewa ke shan mamaki. Ka baro kurmi tun hantsi, ka yini kana hawan gangaren ciyawa mara inuwa, duwatsu na gocewa ƙarƙashin takalmi. Da la'asar sakaliya gajimare ya taso daga ƙasa ya rufe Buya ruf. Rana na faɗuwa sai iska ta juya. Mutumin da ke ganin sanyin Janairu a bakin Binuwai shi ne sanyi, sai ya ga yatsunsa sun ƙi riƙe kofin shayi. Kowane mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da wajen digiri 6, kuma a ƙololuwa da asuba ruwa na iya daskarewa. Ruwan alwala ya zama abin lissafi, domin dutsen nan tsotse ruwa yake, babu rafi a sama, abin da 'yan dako suka ɗauko a jarka shi ne na sha da na girki. Ka tambayi malaminka hukuncin taimama da ƙasaru da haɗa salloli tun kana gida, kada ku tsaya gardama a cikin iska. Ka zo da rigar sanyi mai kauri, da hular da ke rufe kunne, da safar hannu, da safa biyu, da tocilar goshi. Gwanjo ya wadatar, kuma za ka same su a kasuwar Ngaundare kafin jirgi ya tashi. Takalmi kuwa kada ya zama sabo. Guzurinmu na gida ya fi na kanti amfani a nan: kilishi, dabino, ƙuli-ƙuli, dakuwa, garin rogo da sukari, ba su da nauyi kuma ba sa lalacewa.

Abin da ya fi sanyi haɗari shi ne ƙarancin iska. A mita 4,000, kowane numfashi yana ba jiki wajen kashi 60 cikin 100 ne na abin da yake bayarwa a bakin teku, ga shi Garwa ba ta kai mita 300 ba, Marwa wajen 400. Daga mita 2,500 zuwa sama wasu kan fara ciwon kai, da tashin zuciya, da jiri, da rashin barci. Abin ba ya duba ƙarfi. Ɗan ƙwallo na iya kwanciya dattijo ya wuce shi. Maganinsa shan ruwa da tafiya a hankali, sannu ba ta hana zuwa. In ciwon kai ya ƙi sauka, ko mutum ya fara tangaɗi, ko numfashi ya gagare shi yana zaune, to saukowa ce kawai, ko da ƙololuwa na gabansa yana kallo. Mai ciwon zuciya, da mai asma mai tsanani, da mai sikila, kada su yanke shawara sai sun ga likita. Sikila ba baƙuwa ba ce a gidajenmu, kuma ƙarancin iska na tayar da ita.

Rumsiki

Rumsiki a gida take. Daga Marwa zuwa Mokolo wajen kilomita 80 ne, daga Mokolo ka bi ta Mogode 50 da 'yan kai, sai ga ka dab da iyakar Najeriya; mutanen da muke ce wa Kapsiki su ne ake kira Higi ko Kamwe a wajen Michika. Ba jirgi, ba ware mako, ba rigar ƙanƙara. Ƙauyen yana kan tudu da bai kai inda iska ke ƙaranci ba, don haka kana iya zuwa da uwargida da yara, har da tsohuwa in tana jure zaman mota, abin da ba zai yiwu a Fako ba. Kuɗin da mutum ɗaya zai kashe ya je Buya ya dawo zai iya kai gida guda Rumsiki.

Shekaru da dama nan ce wurin da Turawa suka fi zuwa a arewacin Kamaru, kuma cunkosonta a wuri ɗaya yake taruwa, a lokaci ɗaya. Motoci su taso daga Marwa da safe su iso da rana tsaka, a kai baƙi wajen masaƙa da masu ginin tukwane da maƙera, a kai su wajen bokan nan mai duba da ƙaguwa, wanda mu ba mu da abin yi a wurinsa, sannan kowa ya taru a bakin kwari ana jiran faɗuwar rana a ɗauki hoto. Yara su kewaye ka, masu sayar da kayan tagulla su biyo ka. Ranar Lahadi, ranar kasuwar garin, abin ya ninka.

Kauce wa wannan ba wuya: ka kwana. Mai zuwa ya koma a yini guda shi ke faɗawa cikin taro. Ka iso Litinin ko Talata da yamma, ka kama bukaru, wato ɗakin baƙi mai siffar bukka, ka yi sallar asuba ka fita da ɗan jagora ɗan garin tun gari bai gama wayewa ba. Hanya na gangarawa cikin kwari ta tsakanin gonakin da aka yi wa matakala da duwatsu, jeri bisa jeri, aikin hannun kakanni da ke hana ruwa kwashe ƙasa. A Nuwamba za ka tarar da dawa a tsaye ko an yanke an tara, mata na hawowa da ruwa a ka, hayaƙi na fita daga gidaje masu katangar dutse da rufin ciyawa mai tsini. Rana na fitowa sai tsaunukan su kama ja ɗaya bayan ɗaya. A wannan lokacin ba mai ce maka kawo kyauta, kowa na harkar gabansa. Ka gai da mutane. Fulatanci na aiki, Hausa ma na aiki saboda kasuwancin iyaka. In hanya ta ratsa gonar dattijo yana ciki, ka tsaya ka ce, "Sannu da aiki, Baba, ko mu wuce?" Kada ka ɗaga waya a fuskar kowa ba ka tambaya ba. Kakannin mutanen nan sun jingina da duwatsu ne don gudun mahara masu kamun bayi, har zuwa zamanin Hamman Yaji na Madagali a farkon ƙarni na 20. Baƙon da ya hawo daga fili yana Hausa ko Fulatanci ya kamata ya san wannan tarihin, ya shigo da ladabi.

Watan da ya fi dacewa a je Rumsiki Nuwamba ne, babu ja. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan sauko, wata rana ka tsaya a bakin kwarin ba ka ga tsaunin da ka zo dominsa ba sai inuwarsa. Maris da Afrilu zafi ne, a fili yakan haura digiri 40, ciyawa ta ƙone, rijiyoyi sun ja baya. Damina tana da kyau, hanya ce matsalarta.

Sai dai fa yau ba cunkoso ne babbar damuwar Rumsiki ba. Tun da aka sace wani iyali na Faransawa kusa da Waza a Fabrairun 2013, hare-haren Boko Haram kuma suka tsananta a 2014, Turawa suka ɗauke ƙafa, masu masauki da 'yan jagora da maƙera suka shiga wani hali. Sashen Mayo-Tsanaga, wanda Rumsiki ke ciki, yana daga sassan da suka fi shan wahala, musamman ƙauyukan iyaka na arewacin Mokolo, wajen Turu da Mayo-Moskota. Gefen Kapsiki na kudu ya fi sauƙi, amma iyaka iyaka ce, kuma hali na canzawa daga wata zuwa wata. Kafin ka tashi ka kira mai masaukin, ka tambayi direbobin layin Mokolo a tasha, in ka isa ka sanar da jandarmomi ko ofishin sufurefe a Mogode, katin shaidarka kuma ya zauna a aljihu. Kada ka yi tafiyar dare, kada ka yarda a tsallaka da kai iyaka don kawai a ce ka taka Najeriya. In mutanen wurin suka ce a dakata, a dakata. In kuwa sun ce lafiya lau, ka je. Da gaske nake faɗin haka, domin kuɗin ɗaki da na jagora da na ɗan zanen saƙin da za ka saya suna shiga gidajen da suka daɗe ba su ga baƙo ba. A 2025 hukumar UNESCO ta sa kufan gine-ginen dutse na Diy-Gid-Biy, da ke arewa da nan cikin duwatsun Mandara, a jerin kayan tarihin duniya. Wannan na iya dawo da baƙi nan gaba, amma wajen ya fi kusa da inda ake fama, ba inda zan tura iyali ba ne yanzu.

Alantika, da maganar Chadi

Wanda ke son hawa na gaske a arewa, ya kwana a ƙauyen dutse bai ga wani baƙo ba, Alantika ce tasa. Daga Garwa ka yi kudu a kan titin Ngaundare, ka karya yamma zuwa Poli, ka haye kogin Faro, ka isa Wangai. Daga nan ƙafa ce. Duwatsun sun bi iyakar Najeriya, mafi tsayinsu ya kusa mita 1,900, mutanen Koma ne a kansu. A nan babu kwanakin kaucewa domin babu taro ko yaushe. Babu kuma asibiti na kusa, babu sabis ɗin waya a wurare da yawa, babu motar da za ta zo ta ɗauke ka in ƙafa ta gurɗe. Hanyar ba ta biyuwa da sauƙi sai ruwa ya ja, don haka daga Disamba zuwa Fabrairu ne lokacinta. Ba a hawa sai an gai da lamido a Wangai an nemi izini, an ɗauki ɗan jagora mai jin yaren Koma, an riƙe gishiri da sabulu da ashana na gaisuwar masu gari. Satar mutane don kuɗin fansa ta addabi sassan jihar Arewa da Adamawa na Kamaru a shekarun nan, saboda haka tambayar da za ka yi kafin Rumsiki ita za ka maimaita a Poli. Ba wurin hawan farko ba ne, ba kuma wurin zuwa mutum biyu ba ne.

'Yan'uwanmu na Njamena kan ce me ya sa ba a zancen nasu. Emi Kusi, a duwatsun Tibesti, mita 3,415 ne, mafi tsayi a duk Sahara, da rami a kansa mai faɗin kilomita 12 zuwa 15. Cunkoso kam babu. Amma daga Njamena zuwa Faya kaɗai kusan kilomita 1,000 ne, yawanci rairayi, ana tafiya da motoci masu ƙarfi aƙalla biyu, da takardar izinin zirga-zirga, da ɗan jagora daga cikin Tubawa wanda ya san inda nakiyoyin yaƙin Chadi da Libiya na shekarun 1980 ke binne. Ayari ne na makonni da kuɗi masu kauri. Mutumin Njamena mai son dutse a hutu gara ya nufi Gera, wajen Bitkin da Mongo, inda dutsen Gera ya kai mita 1,613 kuma kwalta na kaiwa yankin.

To wanne? In kai saurayi ne ko magidanci mai ƙoshin lafiya, burinka ƙololuwa, kana da mako guda da ɗan abin hannu, Fako na zaɓa maka, kuma kada sunansa ya sa ka tsorata da taro. Shi kaɗai cikinsu ke da sananniyar hanya, da bukkoki, da 'yan jagora masu rajista, da gari mai asibiti a gindinsa, kuma Talata ɗaya a ƙarshen Nuwamba ta isa ta bar muku shi kusan ku kaɗai. Ku tafi ku huɗu zuwa shida. Ƙasa da haka kuɗin jagora ya yi muku nauyi, sama da haka kun zama cunkoson da kuke gudu, ga jiran wanda ya fi kowa rauni a kowace kwana. In da iyali ne, ko kwana biyu kawai gare ka, ko kallo kake so ba gwajin ƙarfi ba, to Rumsiki a Nuwamba, da sharaɗin mutanen wurin sun ce a zo. Alantika ka ajiye ta sai ka dawo daga ɗaya cikin biyun ka san jikinka a kan dutse.

Ko wanne ka zaɓa, kada ya zama dutsen farko da ƙafarka za ta taka. Dutsen Ngaundare mai dunƙulen dutse a ka yana bakin gari, Tingilin yana arewa da Garwa, Marwa ma duwatsu ne a bayanta. Masu motsa jiki kan cika su safiyar Asabar da Lahadi. Kai ka je tsakiyar mako bayan asuba, da jaka a baya mai nauyin abin da za ka ɗauka, da takalmin da za ka tafi da shi, sau biyu a mako har wata biyu. Ka fi mai da hankali ga saukowa, domin ita ke kashe cinya da gwiwa. Mai son Nuwamba a Satumba zai fara, kuma a watan ne ya kamata ya kira Buya ya kama ɗan jagora, ya tambayi kuɗin shiga da na dako na bana, ya faɗa masa a fili cewa ta Maɓuɓɓugar Mann yake son saukowa.